Ƙusoshin Ƙyauren Kaka Shatu

Kai ma ka kau da kai. Akwai tsohuwa a gidanku da take maimaita labari, kana jinta kana latsa waya. Kada ka musa, ni ma haka na yi.

Sunana Sami, ina karatun tarihi a jami'a. Na ɓata shekara guda ina rubutu kan Itruskawa, wasu mutanen da suka zauna a ƙasar Italiya kafin Rumawa su yi ƙarfi. An ce duk shekara sukan kafa ƙusa ɗaya a bangon ɗakin bautarsu, da ita suke lissafin zamani. Na yi ta burga da wannan a aji, alhali a gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka akwai ƙyauren katako mai ƙusa tamanin da ɗaya.

Mahaifin kakata Shatu ne ya fara, shekarar da suka iso Makka a ƙasa daga Kano, tana goye. Duk sanda alhazai suka sauko daga Mina sai a kafa ƙusa, a raɗa wa shekarar suna. Da ya rasu ita ta ci gaba. Bayan idonta ya mutu, da yatsa take karanta su.

"Zo nan, angona," takan ce mini. "Wannan shekarar ambaliya ce. Wannan ta haihuwar uwarka, mai kunnen ƙashi irinka."

"To, amarya, sai na dawo," nakan ce, in fice.

Bana kawuna Bandar ya gyara ɗakunan ƙasa don saukar alhazai. Ya ce ƙusoshin suna yaga musu harami. Ranar Talata bayan azahar na dawo na tarar da shi da filaya, yana zare su daga ƙasa, inda sababbin suke, yana jefawa a gwangwanin madara. Kaka tana zaune a kan tabarma, fuskarta na kallon ƙyauren.

Ƙusa ta faɗa gwangwani, ƙwal. Ta ce, "Idris bai dawo daga Misfala ba?" Idris kakana ne, shekararsa ashirin a kabari.

"Kawu, dakata!"

"Kalas, ya isa haka, ya Sami, ƙarfe ne mai tsatsa. Kai da ka yi boko kake tsoron ƙusa?"

Ƙwal. Ta tambayi jaririnta, wai a miƙo mata shi ya sha nono. Ƙwal. Kawu ya yi mata magana da Larabci, ta karkata kai kamar ba ta taɓa jin harshen ba. Na riƙe hannunsa da ƙarfi har filayar ta faɗi. Saura ƙusa bakwai a can sama.

Sai ta yi dariya, siririyar dariyar da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta kama gefen rigar kawu, ɗan da ta haifa, ta ce, "Baba, ka ɗaga ni in taɓa ta bana."

Likita ya ce tsufa ne, kuma dama yana tafe. Wataƙila. Allah ne masani, ni ban ce ƙarfe yana riƙe da rai ba. Abin da na sani shi ne na juye gwangwanin nan, ƙusa saba'in da huɗu, na mayar da kowace cikin rami. Na kamo yatsanta na ɗora. Ta shafa, ta janye, ta ce wannan ba ƙofarsu ba ce.

Ramukan suna nan, amma sunan shekara biyu kawai na riƙe. Na tambayi iyayena da 'yan uwansu, kowa ya ce ai yana tsammanin wani ya rubuta. Jikoki talatin, masu digiri da masu shaguna, babu ko ɗaya!

Yanzu tana tsakar gida tana wasa da duwatsu biyar, tana jiran uwarta ta kira ta cin tuwo.

Tashi ka tafi wurin tsohuwar gidanku yau, kafin la'asar. Ɗauki takarda da biro, ka zauna a ƙasa, ka ce ta fara daga shekarar farko. Kada ka miƙe sai ta gaji.