Kujera ta Ashirin

Auta ba ta taɓa sa ran samun komai a aikin manhajar nan ba. Manhaja ce ta kyauta da ƙananan kantunan magani ke amfani da ita don sanin ranar da magani zai lalace, kuma duk mai iyawa yana iya sa hannu ya gyara. Ita tsaron kanti take yi, idan ciniki ya lafa sai ta buɗe kwamfuta a bayan kanta. Kwatsam sai wani kamfani da ke cin moriyar manhajar ya ce zai yi liyafa a babban otal, amma ta mutum ashirin kacal, waɗanda suka fi yawan turo gyara.

Ta duba jerin, ta tsinci kanta a ta hamsin da takwas. Ranta ya ɓaci ba kaɗan ba. Wata biyu ta kwashe tana warware matsalar da ke sa manhajar rikita rana da wata, ta tura aikin a dunƙule, aka ƙirga mata ɗaya tal.

"Ke ma dai, Auta," in ji yayarta, wadda tela ce, tana cizon zare. "Wa ya ce ki kai musu a sari? Ni in da ƙirga ake yabona, maɓalli ɗai-ɗai zan riƙa kai wa mai riga."

To, an ba mai neman dabara dabara. Auta ta binciko wani tsohon shafin bayani mai kurakuran rubutu sama da arba'in. Aikin zama ɗaya ne, amma ta yanka shi gunduwa-gunduwa: yanzu waƙafi, an jima aya, bayan la'asar harafin da ya ɓace.

Sai dai kowane gyara dole ya bi ta hannun Kawu, dattijon da ke duba aikin kowa kafin ya shiga. Ba kawun kowa ba ne, haka dai ake kiransa. Auta ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, amma shi ya koya mata aikin tun tana ɓata fiye da abin da take gyarawa. Duk abin da ta tura sai ya amsa, "Madalla, an karɓa." Ranar Alhamis ta wayi gari a ta ashirin, ta taka rawa tsakanin kwalayen magani har mai kantin ya leƙo.

Ranar liyafa ta shiga da sabon ɗinkin Yaya. Ga kafet mai nutsar da ƙafa, ga suna a gaban kowace kujera. Manajan kamfanin ya yi dogon jawabi, sau biyu yana kuskure sunan manhajar. Kusa da ita wani mai ƙaton agogo yana ba ta labarin yadda aikin sa kai ya hana shi hutu. Ita kuwa idonta na kan tebura, tana ɗokin ta durƙusa ta gaida Kawu. Da ta rasa sunansa, ta tambayi matar da ke riƙe da jerin a bakin ƙofa.

"Kawu? Ai shi ne na ashirin har ranar Laraba, wata ce ta tsallake shi. Dubawa ba ta cikin ƙirga, kin gani, shi kuma duk makon nan bai turo nasa ba."

Kunya ta rufe Auta, ta ji kamar ta nutse. Ta raɓe a bayan ƙofa ta rubuta masa, "Kawu, ka yafe mini. Ni ce."

Amsa ba ta jima ba. "Na sani, 'yata, tun daga waƙafi na uku na gano ki. Koma ki ci har da rabona. Na faɗa wa sauran cewa ido irin naki bai kamata ya tafi a banza ba, don haka daga yau ke ce mai dubawa. Ni zan ɗan huta na wata guda."

Ta buɗe shafin dubawa a wayarta. Gyara ɗari da sha biyu ke jiranta, kusan duk waƙafi da aya, don an ji kamfanin zai sake liyafa baɗi. Sittin daga ciki na mai ƙaton agogo ne, wanda ke ɗaga mata hannu daga tebur yana cewa ta zo, abincinta na hucewa.