Layin da Ya Sauka Bai Tashi Ba

Wani dare, wani tsoho mai gyaran agogo ya ji sauti a cikin wuyansa, fuu, fuu, kamar ana zuga wuta a wata maƙera mai nisa. Ya yi ta ƙirga shi har barci ya ɗauke shi. Da gari ya waye, idonsa na dama ya daina gani. Na hagun kuwa tun yana yaro ya mutu.

Idon bai yi ja ba, ba ciwo, ba hawaye, garau kamar na jariri. Shi ya sa ba wanda ya yarda da shi a gidan.

"Malam, in ka gaji da zaman shago ne ka faɗa," in ji matarsa. "Makanta da ido fes haka?"

Babban ɗansu ya riƙa gwada shi, yau ya ajiye kujera a hanya, gobe ya kai masa hannu fuska ba zato. Sai a kwana na tara ya kai shi asibiti, don a tona asiri.

Likita ya ce jijiyar da ke kai jini bayan idon ce ta toshe, za a auna da lantarki a ga abin da ya saura. Aka ɗiga masa magani, aka zaunar da shi cikin duhu minti ashirin. Aka kwantar da wata waya a gefen idon, siririya, ta fi wayar nan mai kama da gashi ta cikin agogo laushi. Tsohon har ya so a bar masa ita. Fitila ta walƙa, bai gani ba. A allon na'ura wani layi ya nutsa ƙasa.

"Ya motsa!" in ji ɗan.

"Eh, wannan saukar tana nuna idon yana karɓar haske," in ji likita. "Amma..."

Wayar ɗan ta yi ƙara, ya fice. Tsohon kaɗai ya ji sauran: ya kamata layin ya tashi sama bayan ya sauka, bai tashi ba. Sashen da ke miƙa saƙon gaba ya mutu da rashin jini, da wuya ganin ya dawo.

A gida ɗan ya ce, "Umma, da idona na gani. Likita ya ce yana karɓar haske."

"Ba ka ji ƙarshen ba, ɗana," in ji tsohon.

"Ƙarshen da kai kaɗai ka ji, Baba? Sannu da ƙoƙari."

Da la'asar matar ta kwance igiyar da tsohon ya ɗaura daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki don ya riƙa bi, ta shanya wanki da ita. Tsohon ya fito yana laluben iska. Matar da ɗan suna zaune suna kallo, suna jiran ya kauce wa matakalar famfo. Goshinsa ya daki siminti, jini ya bi ta kwatar ruwa.

Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, da kumfar sabulu a hannunta.

"Subhanallahi! Duk kuna zaune, ba wanda ya riƙe masa hannu?"