Ranar da Gangar Labo Ta Fashe

A ƙasar Ƙarfi da kewayenta, idan ana zancen gangar noma a wancan zamani, sunan Labo ake fara kamawa, sannan a lalubo na sauran. Bamaguje ne, gajere, ga faɗin kafaɗa, furfura ta ci gemunsa ta bar kai. Gangarsa ta gado ce tun daga kakansa. An sha sake mata fata, amma ba a taɓa jin ta fashe a bainar jama'a ba, kuma wannan shi ne abin taƙamar gidansu. Don a wajen mutanen nan, makaɗin da gangarsa ta fashe ana tsakiyar aiki an fi ƙarfinsa ke nan, asirinsa ya karye, kuma ba mai gonar da zai so ya jawo wa shukarsa irin wannan farar ƙafa.

Gayya kuwa tana da dokarta. Idan makaɗi ya ɗauko taken barde, wato gwarzon noma, barde ba ya miƙe baya sai ganga ta sauke shi, shi ma makaɗi ba ya yanke take sai an kai bakin gona. In ya yanke a tsakiya, to ya shaida wa duniya cewa mutumin nan ya gaza. Gara ka zagi uwar mutum da ka yi masa haka.

Barden da Labo ya fi so a lokacin shi ne Mati, wani dogon saurayi na unguwarsu, wanda bai daɗe da aure ba. Labo ya yi wa uban Mati kiɗa har ƙarfinsa ya ƙare, ga shi yanzu yana yi wa ɗan. In Mati ya duƙa da garma, sai ka ga ƙasa tana kifewa kamar ana shimfiɗa tabarma. Ga shi da gudu, don an ce ya taɓa kama zomo da hannu, ko da yake masu faɗin haka 'yan gidansu ne.

To, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, sai wani attajirin Funtua mai motoci, Alhaji Isyaku, ya ƙirƙiro tseren ƙafa daga Maska zuwa Funtua, duk shekara in an rufe kasuwar auduga. Wanda ya zo na fari, sabon keke. A shekarar farko wani tela mai suna Ummaru ya yanke jiki ya faɗi ana hangen gari, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ya taka sawun iska. Da labari ya kai wa Labo, ya tambayi yadda jikin mamacin yake, aka ce masa a bushe ƙayau, ba ɗigon zufa, ga zafi kamar tukunya. Sai ya kaɗa kai ya ce rana ce. Ya sha ganin irinta a gona.

Da shekara ta zagayo Mati ya ce zai shiga, kuma ba zai shiga ba sai da gangar Labo a bayansa.

Labo ya ce, "Ɗan nan, hanya ba gona ba ce. Gona ina ganin bakinta, in san inda zan sauke ka."

Mati ya ce, "Bakin wannan gonar Funtua, Baba. Ko tsufa ne ya fara taɓa hannun?"

"Hannun da ya gajiyar da ubanka? Je ka nemo mana mota."

Suka isa Maska tun da sassafe, su da 'yan unguwarsu, har da Tani matar Mati, wadda ta riga ta gaya wa kowa cewa a bayan keke za ta koma gida. An ce za a tashi da sanyin safiya, amma Alhaji yana jiran baƙinsa daga Zariya, baƙi kuwa ba su iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Bazara ce, irin wadda ko ƙadangare yake neman inuwa. 'Yan tsere suna tsaye a fili tun ɗazu: 'yan makaranta, leburorin gidan gurzar auduga, ma'aikatan reluwe. Cikinsu har da Mamuda na reluwe, wanda ya ci keken bara, da farin takalminsa. Mati ƙafa ba takalmi, gajeren wando, ya ɗaure ciki tamau da ɗamara.

Labo ya miƙa masa gora. Mati ya kau da kai. Duk 'yan tseren sun yarda cewa ruwa kafin gudu shi ke tayar da saifa, kuma namiji ba ya sha sai ya isa.

Aka busa usur, aka zuba. Labo da mutanensa suka bi baya a wata tsohuwar motar Alhaji mai bodin katako. Direbanta, wani mai suna Bature, mutum ne mai baki, ya leƙo ta taga ya ce, "Tsoho, ka riƙe tukunyar nan taka da kyau, in ta faɗo ba zan tsaya ba."

Labo ya ce, "Kai dai ji da akwalar taka. Tukunyata ta girmi ubangidanka."

Ya gyara ratayar ganga, ya jingina da katako, ya ɗauko taken Mati. Kai ka ce an zuba wa yaron wuta. Kafin a bar gonakin Maska ya wuce 'yan makaranta, ya wuce leburori, Labo na kiɗa yana kirari: bajimin Tani, ƙasa ta san tafinka, na gaba ba da hanya, na baya sai labari. Tani ta rangaɗa guɗa. Mutanen ƙauyukan bakin hanya suka yi ta fitowa, don ba su taɓa ganin an bi mai gudu da gangar noma ba.

Da aka yi nisa sai tsere ya koma na mutum biyu, Mamuda da Mati. Mamuda yana gudunsa a tsanake, yana kallon ƙasa. Mati kuwa da ganga yake gudu, duk inda gular kiɗa ta sauka nan ƙafarsa take sauka. A wata gangara ya sha gaban Mamuda, ya ba shi rata. Mota ta kaure da sowa.

Labo bai yi sowa ba. Shi makaɗin noma bayan mutum yake karantawa, don duk rayuwarsa bayan mutane yake kallo. Ɗazu bayan Mati yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Yanzu sheƙin ya tafi, sai farin gishiri a gefen ɗamara da tsakanin kafaɗu. Can sai ya ga tsikar jikin yaron ta tashi, irin ta mai jin sanyi, a tsakiyar wannan rana. Ƙafar hagu ta fara fita layi, tana sharar gefe kafin ta dawo.

Ya sassauta kiɗan, ko yaron zai sassauta. Mati ya ɗaga hannu sama ba tare da ya waiwayo ba, alamar da yake yi a gona in yana son a ƙara.

Tani ta ce, "Baba Labo, yaya ka yi sanyi? Ƙara masa, ga na reluwen can yana matsowa."

Labo ya ce, "Dubi mijinki da kyau, 'yar nan."

"Ina kallonsa. Shi ne a gaba."

"Ba inda yake ba. Dubi bayansa. Ina zufar?"

Ta duba. Murmushin ya bar fuskarta a hankali. Ta kama katako ta ƙwala masa kira, ta ce ya tsaya ya sha ruwa, keke ya ci ƙaniyarsa. Ko gezau. Bature ya matso da mota har suka yi kafaɗa da shi, ya leƙo ya ce, "Kai Mati, shigo in rage maka hanya, ba wanda zai faɗa." Sai ya ga idon yaron, ya haɗiye sauran wasan. Idon a buɗe yake, amma ba kowa a ciki. Leɓɓansa sun yi fari, yana ta magana shi kaɗai, yana kiran sunan wata saniya da suka sayar tun yana ƙarami.

Bature ya juyo ya ce, "Tsoho, wannan fa ba ya jin mutane. Kai kaɗai yake ji."

Labo ya sani. Ya kuma san saura kaɗan, ga rufin kwanon Funtua can yana walƙiya, kuma wajen nan aka ce tela ya faɗi bara. Muddin ganga na tashi, ƙafafun nan za su yi ta tafiya har zuciya ta tsaya. In kuwa ya ɗauke gula haka kawai, a gaban 'yan unguwa da mutanen hanya, ya kashe yaron ta wata hanyar. Ba za a sake kiran Mati barde ba, yara za su yi masa waƙa, kuma irin Mati ba ya zama a garin da aka yi masa waƙa. Zai bi jirgi ya tafi, ba za a sake jin ɗuriyarsa ba.

Saura hanya ɗaya, kuma Labo bai daɗe yana auna ta ba. A jakarsa akwai basillar da yake ɗinkin ganga da ita. Ya ci gaba da kiɗa da dama, ya laluba da hagu ya zaro ta, ya ɓoye a tafin hannu. Ya juya wa mutanen motar kafaɗa kamar mai gyara tsayuwa, ya caka ta a gefen fatar, ya ja. Sannan ya ɗaga gula ya sauke da duk ƙarfin da ya rage masa.

Fatar ta dare har tsakiya. Ganga ta yi wani irin kuka marar daɗi, ta yi shiru.

Mati ya ƙara 'yan taku, kamar mai neman abin da ya yar. Ya tsaya yana tangaɗi, ya zube a gefen hanya.

Tun kafin mota ta gama tsayawa Labo ya diro. Suka cicciɓi Mati zuwa gindin wata ɗorawa. Jikinsa ba ya taɓuwa don zafi. Labo ya yanke ɗamarar, Bature ya kawo garwar ruwan da yake zuba wa inji ya juye masa a ka da ƙirji, Tani ta kwance mayafinta ta jiƙa tana shafa masa a wuya da hamata, sauran suna fifita da riguna. Matan wani gida da ke kusa suka fito da tuluna. Ana cikin haka Mamuda ya iso. Ya rage gudu, ya dubi abin da ake ciki, ya ce a bar shi ya taimaka. Labo ya ce masa, "Wuce, ɗana, hannu ya isa. Amma kurɓi ruwan nan tukuna." Mamuda ya kurɓa, ya wuce.

Da Mati ya fara motsi yana nishi, suka shimfiɗa shi a mota a kan jiƙaƙƙun tsummoki, Bature ya taka ta zuwa asibiti yadda bai taɓa taka ta ba.

Sai washegari da la'asar Mati ya dawo hayyacinsa sosai. Malamin asibiti ya gaya wa Tani cewa ruwan da suka zuba masa a hanya ne ya riƙe shi, kuma da ya ƙara ko ɗan yaya, da wani zancen ake yi. Mati na kwance yana ji, ya yi tsaki. Ya dubi Labo da ke zaune a bakin gado.

"Wa ya ci?"

"Na reluwe."

"Ni ne a gaba, Baba."

"Kai ne a gaba, kowa ya gani."

"Da gangarka ba ta fashe ba, da yanzu keken nan yana ƙofar ɗakina. Ba na ce ka sake mata fata ba tun kaka?"

Bai taɓa cewa ba. Tani ta buɗe baki, don ita tana kusa da Labo a motar, ta ga basillar. Labo ya dube ta sau ɗaya, ta rufe.

Ya ce, "Ka ce, ɗan nan. Ni ne ban ji ba."

Haka labarin ya koma gida, haka kuma ya zauna: Mati ya tsere wa kowa har da na reluwe, gangar Labo ce ta ci amanarsa. Darajar Mati ta ƙaru. Labo kuwa, ko da ya sa sabuwar fata, damina ta faɗi ba wanda ya aiko masa da goron gayya. Makaɗan da a da ba sa iya haɗa ido da shi suka riƙa tambayarsa, cikin ladabi, ko a ara masa ganga. Sai ya yi dariya ya ce su bar ta, za su buƙace ta.

Har gayyar gidan su Mati wani makaɗi aka ɗauko daga Malumfashi. Labo ya zo duk da haka, ya zauna a kan kututture a bakin gona cikin tsofaffi, yana sauraron wani yana kwaɓa taken da shi ya ƙaga. Bai kula da kiɗan ba. Bayan Mati yake kallo, yana sheƙi da zufa, yana tafe a duƙe a gaban sauran.

Da rana ta take mata suka iso da abinci. A al'ada makaɗi ake fara ajiye wa. Tani ta wuce makaɗin Malumfashi da akushi a ka, ta zo ta durƙusa gaban Labo ta sauke. Uwar mijinta ta ce, "Ke, kin ɓata hanya, ga mai ganga can."

Tani ta ce, "Na gan shi, Inna. Nasa na zuwa."

Labo ya buɗe akushi, ya ga nama ya fi tuwo yawa. Ya wanke hannu, ya matsa wa na kusa da shi ya ce su sa hannu.