Mutumin da Muka Binne a Kwarin Tarka

A karar Belbeji, kasuwar dabbobi, muka ƙulla maganar ni da Gajere, bayan turken raƙuma inda ba mai jin mu. Gajere makiyayi ne, yana da rijiya tasa a arewacin kwarin Tarka. Ni kuwa Habibu dillalin dabbobi ne, shekara talatin ina cin abinci da bakina.

"Daga yau," in ji shi, "duk abin da zai fita daga garkena, ko bunsuru ne, ta hannunka zai bi. Na ƴan'uwana ma haka. Kai dai ka rufe wannan bakin naka."

"Bakin da nake nema da shi za ka rufe mini?"

"Bar wasa, tsohon banza. Ka ga matar can?"

Na gan ta tun kafin shi. Tsohuwa ce doguwa, tana bin makiyaya ɗaya bayan ɗaya da hoto a cikin leda. Hajiya Kaltuma ke nan daga Tanout, uwar Kapiten Haris, matuƙin jirgin yaƙin da ya faɗi a dajinmu shekara huɗu da suka wuce, ba a gan shi ba, ba a ga gawarsa ba. Na dubi Gajere. Na sa hannuna cikin nasa, ciniki ya faɗa.

Abin da muke ɓoyewa ga shi. Ranar da jirgin ya faɗi ina bakin rijiyar Gajere, na je duba wasu taguwoyi da yake son sayarwa. Da hantsi muka ji ƙara ta taso daga gabas, wajen da ake yaƙi. Jirgin ya zo ƙasa-ƙasa yana hayaƙi, ya nufo rijiyar sosai, ga shanu sun fi ɗari uku, ga mata da jakuna. Na riga na fara salati. Sai ya karkata, ya wuce ta kanmu, ya faɗa bayan tudu. Muka ga wani farin abu ya buɗe a sama, amma ya buɗe a makare.

Mu biyu muka hau raƙumi muka je. Mun same shi kwance kan laimar da ya sauko da ita, saurayi ne mai kyan tsayi, ƙugunsa ya karye. Na cire masa hular, na ɗiga masa ruwa. Ya faɗi sunansa. Sannan ya ce, "Baba, ban faɗa kan mutane ba ko?" Na ce ko akuya bai taɓa ba. Ya ce a juya shi gabas. Muka juya shi, muka yi ta kalmar shahada tare, har na ji ni kaɗai nake yi.

Muka jira har la'asar ba wanda ya zo. Zafi ya yi yawa, ungulaye sun fara sauka. Musulmi ya cika a hannunka, me za ka yi? Muka yanki farin ƙyallen laimar muka yi masa likkafani, muka sallace shi, muka binne shi gindin wata aduwa, muka jibga ƙaya saboda dila. Gajere ya kwashe igiyoyin laimar, wai za su yi masa amfani a guga. A ranmu mun yi aikin lada.

Washegari da motocin soja suka iso, rediyo ya riga ya ce ƴan bindiga ne suka harbo jirgin, kuma ana zaton sun tafi da matuƙin. Aka ɗauki mutum uku daga wata ruga don tambaya. A kasuwa kowa da irin labarin da yake bayarwa kan abin da ake yi wa wanda aka ɗauka. Ta ɗaya gefen kuma, wanda duk aka gani yana magana da soja, masu babura sukan kai masa ziyara. Gajere ya ƙone igiyoyin. Muka yi shiru kwana ɗaya, ya zama wata, ya zama shekara. Kullum shirun na ƙara tsufa, faɗinsa na ƙara zama laifi.

Bayan cinikinmu na samu, ba zan ɓoye ba. Garken Gajere da na danginsa ba ƙarami ba ne, la'ada ta shigo har na sake rufin ɗakina. Amma duk ran kasuwa tsohuwar na nan. In ta nufo layina sai in tsunduma cikin shanu ina duba haƙoran da na riga na duba. In na ji motar soja a hanyar Tanout sai in shige bayan rumfa. Jirgi kuwa, ko na ƴan kasuwa ne can sama, sai na nemi bango na jingina. Matata Tata ta ce in je likita a auna ni.

Wata ran kasuwa da azahar ina zaune ƙarƙashin rumfa, sai ga ta tsaye a kaina.

"Kai ne Malam Habibu? An ce hannunka na da albarka."

"Suna dai faɗa, Hajiya."

Ta zauna bakin tabarmata ba tare da na ce bismilla ba. Ta ce shanu goma sha ɗaya gare ta, na gadon ubanta, tana son a sayar duka a yau.

"Duka? Yanzu ba lokacin sayarwa ba ne, sun rame. Ki jira kaka."

"Ba ni da lokacin jira." Ta rage murya. "An kira ni a waya. Yarona yana hannunsu, yana da rai. Sun ce in kai kuɗin wata rijiya bayan Tarka ran Lahadi, ni kaɗai."

Na ji tabarmar ta yi sanyi a ƙarƙashina. Na ce, "Kin ji muryarsa?"

"Sun ce ba shi da lafiya, ba ya iya magana." Ta fito da hoton ta ɗora a gwiwata. Fuskar nan ce, sai dai a nan tana dariya. "Tun yana ƙarami in jirgin feshin fara ya zo Tanout, sai ya bar makaranta ya bi shi da gudu har bayan gari. Na doke shi, na doke shi, ya ƙi bari. Matarsa Radiya shekara huɗu ke nan, ba ta yi takaba ba, ba ta da miji. Ɗiyarsa ta fara tambaya."

Can nesa na hango Gajere jingine da turke yana kallonmu. Ya ɗaga yatsa ya taɓa leɓensa.

Na yi dillanci iri-iri a rayuwata. Na sayar da raƙumi mai ciwon baya, na rantse lafiyarsa lau. Amma in karɓi la'ada kan shanun da za a fanshi mutumin da na sa a rami da hannuna, kuma in bar tsohuwa ta tafi daji ita kaɗai wajen mutanen da ba za su bar ta ta dawo ba, wannan kam na duba cikina ban ga wurin ajiye shi ba.

"Hajiya," na ce, "mayar da shanunki gida. Masu wayar nan ƙarya suke. Ɗanki ya rasu ranar da ya faɗi. Ni na yi masa salla."

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni har na ji da ma duka ta kai mini. Ta ce, "Ya yi magana?" Na faɗa mata abin da ya tambaya da yadda ya cika. Ta sa na maimaita sau uku. Na roƙe ta don girman Allah maganar ta tsaya tsakaninmu. Ta ce, "Malam, ba zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Matarsa sai da takardar mutuwa za ta fita daga wannan hali, takarda kuwa sai an ga kabari."

Kafin in tashi daga tabarma Gajere ya ɓace daga kasuwar.

Kwana shida na yi ina jira. Na nuna wa Tata inda takardar gida take. A rana ta bakwai, kasuwa ta cika maƙil, motoci biyu suka tsaya bakin kara. Wani soja ya kira sunana da ƙarfi. Na taka zuwa motar, duk Belbeji na kallo. Suka sa ni gaba don in nuna hanya.

Aduwar na nan. Da suka haƙa, farin ƙyallen ne ya fara fitowa, bai ruɓe ba. Babbansu ya cire hula, sauran suka ƙame. Kwana tara suka riƙe ni a Tanout suna tambaya ɗaya ta hanya goma. Ba wanda ya taɓa ni. Ranar da za su sallame ni babban ya ce, "Baba, kun yi masa sutura, mun gode. Amma shekara huɗu!"

Da na koma kara ba wanda ya miƙo mini igiyar ko tunkiya. Mutanen da muka ci goro tare shekara talatin suna ganina sai su juya. A kasuwa ta biyu wani mai rawani da ban taɓa gani ba ya tsaya gefena yana duba wani sa, bai ko kalle ni ba ya ce, "Tsoho, ashe ka iya nuna hanya." Ya hau babur ya tafi. Kafin kasuwa ta uku na kwashe iyalina mun sauka Damagaram. Yanzu gawayi nake sayarwa a ƙofar gidan haya, kuma har gobe in babur ya tsaya a bayana ba na waiwayawa da wuri.

Hajiya Kaltuma ta tsira da shanunta da ranta, ta sami kabarin da take ziyarta. Radiya ta yi takaba, an ce bara ta yi aure. Masu waya ba su ci ko sisi ba. Gajere ya bar rijiyar da kakansa ya gina, ya yi arewa da garkensa, wani ke shayarwa a wurin yanzu. Ni na rasa kara, na rasa garin da aka haife ni. Kapiten Haris kuwa, wanda ya fi mu duka asara, an sake binne shi a Tanout da tuta a kan makara.