Kartar Bahago

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, rana ta riga ta fara dukan kwanon shagon buga takardu, fanka sai hura iska mai zafi take yi. Mai zane yana gaban kwamfuta lokacin da mahaifinsa ya faɗo shagon ko sallama babu, ya watsa masa karta a kan tebur.

"Ungo tsiyarka."

"Baba, lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Jiya a wurin karta tela ya ce in tashi in ba mai ido wuri. A gaban kowa. Ni da na koya masa rabon karta."

Ran mai zane ya ɓaci. Tun da idon tsohon ya fara rauni abokan wasansa suke ƙorafi yana ɓata musu lokaci, sai ya kai kati bakin hanci kafin ya jefa. Shi ya sa ya zauna ya zana masa karta tasa ta kansa: takarda mai kauri marar ƙyalli, ja ya yi ja, baƙi ya yi baƙi, lamba ƙatuwa a kusurwar hagu ta sama.

"Wannan lambar ko daga tsallaken titi ana karanta ta," ya ce. "Asibiti na ce mu je, ka ƙi. Yanzu kuma laifin kartata ne?"

"Idona ƙalau. Aikinka ne na banza."

"To ka koma wa ta kanti."

"Ni kake faɗa wa haka? Da bakin da na sa wa abinci?"

Tsohon ya tattara katunan, ya ware su kamar mafici, ya tura masa a fuska.

"Karanta min. Kai mai ido, karanta."

Mai zane ya duba. Babu lamba ko ɗaya a waje. Kowane kati ya rufe kusurwar ɗan'uwansa, fari kawai ake gani.

"Baba, ai a juye ka ware su."

"Haka nake ware su tun ba a haife ka ba."

Mai zane ya dubi hannuwan tsohon. Dama ce ke riƙe, hagu ke zara. Mutumin da yake ci da dama, yake rubutu da dama, yake miƙa komai da dama.

"Dama kai bahago ne?"

"An dake ni har bahagoncin ya fita tun ina yaro," tsohon ya ce, yana kallon bango. "A karta kaɗai ya ƙi fita."

Mai zane ya juya ga kwamfuta, ya sa lambar a kusurwa huɗu, ya tura wa inji. Tsohon ya zauna a benci yana huci, yana faɗa wa bango halin 'ya'yan zamani. Da aka yanke katunan aka goge bakinsu, ya karɓa ya ware. Leɓensa ya motsa: bakwai, tara, biyu.

"Jan ya yi yawa," ya ce, ya zuba su a aljihu.

Har ya kai ƙofa, ya dawo ya sa hannun hagu ya juya fankar ta fuskanci ɗansa, ya fita. Mai zane bai ɗago kai ba.