Bokitin Baba

Tun Auta tana ƙarama ta san abokin gabar mahaifinta ɗaya ne a duniya, wato yoyo. Kafinta ne mai rufin gidaje, kuma idan damina ta wuce babu wanda ya dawo masa da ƙorafi, har ƙiba yake yi. Sai ga 'yar tasa ta yi karatun injiniya, ta ƙare a tsara bututun kashe gobara na benaye, irin wanda ke fesa ruwa daga silin idan wuta ta tashi.

"Ni na ƙarar da ƙarfina ina toshe rufi," in ji shi, "ke kuma ana biyanki ki huda."

Abin dariya ne, har ranar da mahaifiyarta ta rasu, tsoho ya rage shi kaɗai da ciwon gwiwa. Da ƙyar ta lallaɓa shi ya zo su zauna tare a sabon benen da ita da kanta ta tsara wa bututu. Ya ce zai gwada. Jakarsa ma bai kwance ba, ya jingine ta a bayan ƙofa, kuma duk lokacin da Auta ta gan ta sai ta tuna zai iya tafiya kowace rana.

Washegari da safe ta same shi tsaye a kan kujera, riƙe da gam ɗin toshe kwano, yana auna ɗan kan ƙarfen da ya leƙo daga silin saitin gadonsa.

"Baba! Don Allah sauko!"

"Ruwa ne a ciki?"

"Cike yake."

"Kuma a ƙarƙashinsa kike so in kwana?"

Ta riƙe masa hannu ya sauko. Ta ɗauko wani kan ƙarfen daga jakar aikinta, ta nuna masa 'yar kwalbar da ke tokare bakinsa, siririya kamar ashana, da jan ruwa a ciki. Ta ce hayaƙi ba ya buɗe shi, wannan aikin farar na'urar da ke manne a gefensa ne, mai ƙara idan ta ji hayaƙi. Sai zafin wuta ya fasa kwalbar, kuma wanda zafin ya kai gare shi kaɗai zai fesa ruwa. Idan ya shafa masa gam, ranar da ake buƙatarsa ba zai buɗe ba.

"Ni ba wutar ce ta dame ni ba," ya ce. "Ruwa na sani. Bai iya zama wuri ɗaya ba."

"Mun matsa masa ruwa fiye da kima, Baba, allurar ma'auni ko motsi ba ta yi ba."

Ya taɓe baki. Ya matsar da gadon, ya ajiye bokiti saitin ƙarfen, ya shimfiɗa takardar jarida a gindinsa, don ko ɗigo ɗaya ya sauka ya bushe, tabo zai tona shi. Auta ta so ta ji haushi, dariya ta ci ƙarfinta. Haka yake gwada rufinsa tun tana goye.

Kullum da safe sai ya duƙa da gwiwar nan tasa, ya ɗaga takardar ya haska ta a taga, ya mayar. Ita kuwa ba ta tambayarsa abin da ya gani.

Wata rana ta dawo daga aiki da yamma, ta leƙa ɗakinsa. Babu bokiti, babu jaka a bayan ƙofa. Ta tsaya riƙe da makulli, ta ɗauka ya tafi.

Sai ta jiyo muryarsa daga baranda. Yana zaune ya jiƙa rigunansa a bokitin, jakar tana gefe a buɗe babu komai a ciki, yana magana da maƙwabcinsu ta kan ƙarfen baranda.

"Kada ka kuskura ka rataya wa abin nan kaya," yake cewa. "Ruwa ne cike a saman kanka, amma ka yi barcinka. Ni kafinta ne, na gwada shi. Aikin 'yata ne."

Ya juyo ya gan ta, ya haɗe rai.

"Ke, tsayuwar me kike yi? Zo ki taya ni mayar da gadon nan inda yake."