Tafarnuwa a Sahun Gaba

Shekara goma sha tara Alhaji Sulaimanu, dillalin shanu a unguwar Djamboutou, yana salla a gurbi ɗaya: sahun gaba, daidai bayan liman. Ba gadonsa ya yi ba, amma duk unguwa ta san wurin nasa ne, har shimfiɗar masallacin ta lotsa daidai gwiwoyinsa. A hagunsa Dauda mahauci ke tsayawa, shi ma shekara goma sha tara yana kallon wurin ta wutsiyar ido.

Sai hawan jini ya zo. A asibitin unguwa aka ba Alhaji wata 'yar farar ƙwaya, aka ce kullum ɗaya. Shi kuma ya ga babu lokacin da ya dace da magani kamar tsakar rana, a kora da fura. Bai san aikin ƙwayar fitar da ruwa daga jiki ba ne. Zai zauna a gurbinsa da alwalarsa, ladan na shirin tada iƙamar azahar, sai mara ta ce ita ba da ita aka yi wannan shawara ba. Kafin ya kewaya ya sake alwala, Dauda ya matsa taku ɗaya dama ya kabbarta, fuskar nan cike da tsoron Allah.

Rana ta huɗu Dauda ya zo har gida duba shi.

"Alhaji, wannan ƙwayar za ta raba ka da jam'i. Bari in turo maka wani abu."

Saƙon murya ne a waya. Wani mutum da ya ce shi likita ne, bai dai faɗi na ina ba, ya jera cututtuka arba'in da tafarnuwa ke kashewa, hawan jini na uku. A tauna ɗanya, 'ya'ya bakwai safe da yamma. Alhaji ya jefa ƙwayoyinsa cikin aljihun tsohuwar riga, ya sayo tafarnuwa tiya guda.

Fitsarin kam ya tsaya. Cikinsa ya dinga ci da wuta, ya ce alamar magani ya sami cuta ke nan. A masallaci kuwa, inda aka saba kafaɗa da kafaɗa, sai ga fili dama da hagunsa wanda bijimi zai wuce bai taɓa kowa ba. Da magariba, Alhaji ya ja "Amin" ɗinsa mai tsawo a ƙeyar liman. Liman ya yi tari, ya nemi surar da ya yi niyya ya rasa, ya kama mafi gajarta.

Bayan sallama ya ja Alhaji gefe, amma ba kusa sosai ba.

"Alhaji, ka fi ni sani. Wanda ya ci wannan abu ɗanye, a gida yake dakatawa har warin ya tafi."

"Magani ne fa, Modibbo."

"Allah ya ba da lafiya. A gida."

Kwana biyu Alhaji na salla a tsakar gida yana jiyo kabbara daga lasifika, yana kuma ganin gwiwoyin Dauda a ransa suna ɓata masa lotsawar shimfiɗa. Ya yi tunani mai zurfi, wanda shi ne ya ƙarasa shi. Tunda baki ne ke tona asiri, sai a bi ta wata ƙofa. Ya sa matarsa Kaltumi ta daka tafarnuwar, ta ɗaure masa da tsumma a wuyan hannu biyu, daidai inda jini ke bugawa.

"Alhaji, ko naman tsire ba a yi masa haka," in ji Kaltumi.

"Ke dai ɗaure."

Washegari fatar ta tashi ƙuraje masu ruwa kamar ya tsoma hannu a tafasasshen mai. Ruwan alwala ma sai da ihu.

A asibiti ma'aikaciyar jinya Berthe ta kwance tsumman, ta kau da kai ta nemi iska.

"Papa Alaji, wa ya ƙona ka?"

Ya ba ta labari, yana rage wasu wurare. Ta auna jininsa, ta zaro ido.

"Dix-neuf! Jininka ya hau har goma sha tara, Baba! Da haka mutum ke faɗuwa rabin jiki ya mutu. Ina ƙwayar?"

"Tana karya min alwala."

"Yaushe kake sha?"

"Da rana."

"To sha da safe mana, bayan asuba. Kafin azahar ta gama aikinta. In ba ta gama ba ka dawo doktor ya canza maka. Me ya sa ba ka tambaya ba?"

Alhaji ya duba rufin ɗaki. Yaya dattijo zai yi zancen fitsari da sa'ar 'yarsa?

"Tafarnuwa a miya, ci abinka," in ji ta tana naɗe masa hannu. "Amma ba ta maye gurbin magani, kuma ba a ɗaura ta a fata."

Bayan mako guda, tun ana kiran azahar Alhaji ya zauna a gurbinsa, hannuwa naɗe da bandeji, baki sai ƙanshin asuwaki. Dauda ya shigo, ya gan shi, ya ɗan rage sauri.

Da aka idar, Alhaji ya tare shi a bakin ƙofa da ragowar tiyar a leda.

"Malam Dauda, ga maganinka. Na ji kai ma kana fama da jini."

"A'a, ni doktor ya hana ni. Ina shan ƙwayar tsinka jini, in na haɗa da ita da yawa, wuƙa ta yanke ni jinin ba zai tsaya ba." Ya sa takalminsa. "Kuma haba Alhaji, mutum ya ci wannan ya shigo masallaci?"

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Da la'asar ya zo minti arba'in kafin kira, ya zauna ya baza babbar rigarsa, gefen hagu ya fi bazuwa.